Shin fim ɗin Sarauniya ya kai yadda ake yabonsa?

"Mushe, ina wuni. Ni ɗaliba ce a lise, nan cikin Damagaram. Tun muna ƙanana Baba yake ba mu labarin fim ɗin Sarauniya, wai a duk finafinan yaƙi na Afirka babu kamarsa. A hutun nan wata ƙawata ta tura mini shi a waya, na zauna na kalla. Gaskiya ban ga abin da ake zuzutawa ba. Sarauniyar ba ta yin Hausa, yaƙin bai daɗe ba ya ƙare, daga baya ma sai ta ɓace aka bar mu da Nasara suna ta surutu. Shin fim ɗin ya kai yadda ake faɗa, ko kishin ƙasa ne kawai ya sa manya suke yabonsa? Na kasa faɗa wa Baba haka."

Lafiya lau, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Tambaya ɗaya kika aiko, amma biyu ne a ƙunshe. Ta farko, ko fim ɗin yana da kyau a matsayinsa na fim. Ta biyu, ko labarin da ya bayar shi ne labarinmu yadda ya faru. Yawancin gardamar da nake ji a kansa a fada da majalisa tana tasowa ne daga cakuɗa waɗannan biyun, wannan yana kare tarihi, wancan yana kare sana'a, kowa yana zaton ɗan'uwansa bai gane ba.

Na yi shekaru ina koyar da tarihi, kuma a tsawon lokacin ina haɗa wa ɗalibai kallon majigi daren Asabar a farfajiyar lakwal: farin bango, tabarmi, da ɗan injin wuta saboda halin da kika sani. Wannan fim na haska shi fiye da sau goma. Koke-koken nan uku da kika kawo duk na ji su daga bakin yara kafin ke, kuma biyu daga ciki ina tare da ke. Na ukun, wato ɓacewar Sarauniya, shi ne inda zan ja da ke, don a ganina nan ne fim ɗin ya ci sunansa.

Abin da ya faru a 1899

Sai mun fara da tarihin, in ba haka ba ba za mu san abin da muke aunawa ba. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufo gabas, da umarnin ta kai Tafkin Cadi. Kyaftin biyu ne ke jan ta, Voulet da Chanoine. Voulet shi ne ya ci Wagadugu a 1896. Chanoine kuwa ɗan janar ne, ubansa ya taɓa riƙe ministan yaƙi a Faransa. Turawan cikin tafiyar ba su cika goma ba. Sauran duk baƙaƙen fata ne: sojojin da aka ɗebo daga ƙasashen yamma, da 'yan dako wajen 800 da aka kamo da ƙarfi, da mata da yawa da aka riƙa kwasowa a garuruwan da aka ci. Taro irin wannan, a ƙasar da rijiya ɗaya ke shayar da gari, ba ya tafiya sai da kwace. Suka riƙa ƙona garuruwa, suna kashe jagoran da ya ɓatar da su hanya, suna barin gawawwaki a rijiyoyi. Birnin Ƙonni ya ga mafi munin abin a watan Mayu.

Kafin Ƙonni, ranar 16 ga Afrilu, sun gamu da mutanen Lugu a ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa, kusa da Dogon Dutsi. Azna ne, wato masu addinin gargajiya, shugabarsu mace, Sarauniya Mangu. Suka tsaya da baka da kibiya, suka ja da baya cikin kurmin da ke kusa da gari inda harsashi ba ya aiki sosai. A lissafin Faransawan da kansu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Adadin kamar ba yawa, amma a duk tafiyar ba inda aka yi musu ɓarna irin wannan kafin nan. An ƙone Lugu, Sarauniya ba ta shiga hannu ba, rundunar ta wuce gaba. Yaƙin yini guda ne. To kin ga, gajartar yaƙin da kika yi ƙorafi a kai, a nan fim ɗin bai yi ƙarya ba, ya ma ƙara masa tsawo.

Labarin ɓarnar ya kai Faransa ta wasiƙar wani laftana da aka kora daga tafiyar. Aka turo Kanar Klobb daga Tumbutu ya bi sawunsu ya karɓi ragamar. Ya cim musu a Dankori, wajen Tasawa, ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasarsu ke nan, Voulet ya sa aka harbe shi. Daga nan ya shaida wa sauran Turawan cewa shi yanzu ya fita daga Faransanci, ya zama sarkin baƙaƙe, zai kafa daular kansa. Ba a yi kwana uku cikakku ba sojojinsa suka juya masa baya. Suka harbe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburan da aka ce nasu ne suna Maijirgi, a bakin hanyar da muke bi zuwa Maraɗi.

Me ya sa ba ta yin Hausa

Fim ɗin ya fito a 1986. Wanda ya shirya shi, Med Hondo, mutumin Muritaniya ne da ya zauna a Faransa, kuma in kin taɓa kallon finafinan Eddie Murphy da aka juya zuwa Faransanci, to kin san muryarsa, shi ne ke magana a madadinsa. Da irin wannan aikin ya riƙa tara abin da ya zuba a nasa finafinan. Labarin kuwa daga littafin namu ne, Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya, ɗan jam'iyyar Sawaba, wanda ya sha gudun hijira ya kuma sha kurkuku a zamanin shugaba Kunce. Littafin ya fito a 1980. Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota, ya taso daga nan Damagaram zai je Yamai karɓar lambar yabo. Allah ya jiƙansa.

A Nijar aka shirya ɗaukar fim ɗin tun farko. Ana gab da farawa hukumomin lokacin suka janye hannu. Burkina ta Thomas Sankara ce ta buɗe ƙofa, ta ba da fili da mutane. Shi ya sa 'yar wasan da ta fito a Sarauniya, Aï Keïta, 'yar Burkina ce, shi ya sa kuma kike jin Julanci da Fulatanci da Faransanci a inda kunnenki ke jiran Hausar Arewa. Abin dariya, abin takaici: ƙasar da Voulet ya fara ci da wuta ita ta ɗauki nauyin tona masa asiri, ƙasar da ya ƙare a cikinta ta noƙe.

Sanin dalili bai gusar da asarar ba, kuma ba zan lallashe ki a nan ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bafaranshe ko Basanagale da ke karanta fassara a ƙasan allo ba ya jin an rage masa komai. Mu kuwa mun san yadda kirari yake sauka a Hausa, mun san abin da maroƙi zai yi da suna irin Mangu in aka sake masa baki, mun san zambon da tsohuwar Ba'ara za ta yi wa Nasara. Duk wannan babu. Duk lokacin da na haska fim ɗin sai na tsaya gefen bango ina fassara wa 'yan baya, kuma ina jin nauyin abin, a ce jarumar ƙasar Hausa sai da tafinta a Damagaram. Wannan aibi ne na gaske, kuma mu kaɗai muke biyan kuɗinsa.

Inda ta ɓace

Yanzu ga inda muka saba. Kin ce daga tsakiya sai Sarauniya ta ɓace aka bar ku da Nasara. Haka ne, fim ɗin ya ajiye ta ya bi rundunar. Amma ki sake dubawa, su wa ke cike da allon a wannan sashen? Turawa ƙalilan ne. Sauran duk namu ne: sojan da ke riƙe da bindigar, tafintan da ke juya magana yadda ta yi masa, matan da aka kamo aka raba kamar ganima, ɗan dakon da ya san in ya faɗi ba mai ɗaga shi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ban san wani fim da ya kalli wannan magana ido da ido kamar wannan ba. Finafinan yaƙi da yawa sukan raba duniya gida biyu, mu da su, a yi ta harbi har jarumi ya yi nasara, mai kallo ya tashi zuciyarsa wasai. Wannan ya hana ki wannan sauƙin. Hannun da ya cinna wa Lugu wuta baƙi ne, kuma shi ne dai hannun da ya harbe Voulet. Fim ɗin yana so ki zauna da mutanen nan har ki ga yadda mutum yake kaiwa ga na farkon, da yadda yake dawowa ga na biyun.

Sannan Sarauniya ba ta tafi ko'ina ba. Ta bar allo ta koma cikin kawunansu. Sojojin nan sun taso ne daga garuruwan da aka yarda da tsafi da iskoki, sun ji labarinta tun kafin su iso, sun shiga garinta ba su same ta ba, kuma abin da ba ka kama ba shi ke hana ka barci. Daga nan tsoro ya fara cin rundunar daga ciki, horo ya lalace, Turawan suka fara zargin juna. Mai shirya fim ɗin ya gane cewa in ya bar ta a gabanmu tana ta harba kibiya, za ta zama jaruma irin ta kowane fim. Da ya ɗauke ta, sai ta zama abin da ta zama a bakin mutane, wato suna mai aiki ko mai shi ba ya nan. Ni a wurina wannan ita ce dabara mafi ƙarfi a fim ɗin gaba ɗaya, kuma ita ce ta fi gundurar mai kallon farko.

Wani dare, shekarun baya, mai gadin lakwal ɗinmu, dattijo ne mutumin wajen Ƙonni, ya jawo kujerarsa ya zauna bayan yara. A sashen yaƙin Lugu yara suna ta ihu da tafi, shi ko motsi bai yi ba. Sai da aka zo wurin da rundunar ke tafe da matan da ta kamo, na ji ya ce a hankali, "Haka kakata ta ce." Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Tun daga ranar na daina gaggauta wannan sashen, don da can nakan ji kamar in tura shi gaba kada yara su watse.

Akwai kuma maganar waya. An ɗauki fim ɗin ne don faffaɗan allo na silima. Ƙarfinsa yana cikin faɗin fili: layin mutane da dabbobi ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ƙura ta tashi, jan hular soja a kan jar ƙasa, gari yana ci da wuta can nesa alhali na kusa suna harkarsu. Kiɗan na Pierre Akendengué ne, mutumin Gabon, shi ma yana son lasifika mai kauri. A allon da bai fi tafin hannu ba, a kwafin da aka matse aka sake matsewa don ya wuce ta WhatsApp, mutum ɗari biyar sun zama tururuwa. Abin da kika kalla inuwar fim ɗin ce. Babanki, in a silima ya gan shi ko a bango, wani abu dabam ya gani.

Inda nake da ja

Kada ki ɗauka na zo kare shi ta kowace fuska. Bayan harshe, akwai abu biyu da ke damuna, kuma duka biyun na tarihi ne.

Na farko, Sarauniyar fim ɗin ta Mamani ce fiye da ta Lugu. Takardun Faransawa kaɗan suka faɗa a kanta, sai marubucin ya cike gurbin da basirarsa: yarintarta, renonta, koyon yaƙinta, soyayyarta, jawabanta. Fim ɗin ya ƙara mata ganuwa da fada irin ta manyan sarakuna. A Lugu kuwa Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya da ake gada har yau, mace ce mai zaman ɗaki da kaɗi, mai kula da al'amuran ƙasa da iskoki, kuma a yankin ne dutsen Tunguma yake, wanda ake kai wa shari'a. Ƙarfinta na asiri ne da kwarjini. Mamani ɗan gwagwarmaya ne, yana neman jarumar da matasan Afirka za su ɗaga kai da ita, ya kuwa samu: yau sunanta yana kan gidan rediyo da talabijin a Yamai, yana kan lambar girma ta ƙasa. Amma yaro da yawa a ajina sun rubuta mini a jarrabawa cewa Sarauniya ta ci Faransawa da yaƙi ta kore su, kuma daga fim ɗin suka ɗauko. Ba ta kore su ba. Ta ƙi miƙa wuya, ta tsira, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a shekarar da manyan birane suka faɗi. A nan dole in san iyakata: ni Badamagare ne, tsakaninmu da Lugu ya fi kilomita 600, kuma yadda Arawa suke riƙe da labarin kakarsu su ke da iko da shi, ba malamin lakwal daga gabas ba.

Na biyu shi ne yadda aka nuna sarakunan Musulmi. A fim ɗin, fadar Sakkwato da malamanta suna kallon Sarauniya a matsayin matsafiya da ta fi Nasara zama abin ƙi, wasu sarakunan kuma suna neman Bature ya rama musu. Akwai gaskiya a ciki, gaba tsakanin masu jihadi da Azna tsohuwa ce, kuma ba ƙarya ba ne cewa wasu sun ga dama a zuwan baƙo. Sai dai hoton ya karkata. Ƙonni da aka ragargaza garin Musulmi ne. Sarkin Musulmi Attahiru ya mutu yana yaƙar Ingilishi a Burmi a 1903. Mu nan kuwa ba sai an ba mu labari ba. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a garin nan, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, kuma ɗaukar fansarsa na cikin abin da ya sa rundunar ta nufo mu. Bayan mutuwar Voulet da Chanoine tafiyar ba ta watse ba. Sauran hafsoshin, Pallier da Joalland da Meynier, suka tattara sojojin nan dai, suka gamu da dakarun Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yuli 1899, suka shigo Birni. Aka bi Kuran Daga aka kashe shi a watan Satumba. Daga nan wani sashen rundunar ya wuce Cadi, aka haɗu da sauran rundunonin Faransa aka kashe Rabe a Kuseri a Afrilun 1900.

Wannan shi ne babban abin da nake riƙe da fim ɗin da shi. Ya rufe labarinsa da mutuwar azzalumai biyu da taron jama'a iri-iri a wurin Sarauniya, tana kiran a zauna lafiya kowa da addininsa. Mai kallo zai tashi yana jin an yi nasara. Alhali mako biyu bayan an binne Voulet, bindigogin nan suna ƙofar garinmu, kuma Damagaram ta zama mazaunin mulkinsu har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Faransa ta ce mutum biyu ne suka haukace da zafin rana, ta wanke hannunta, ta riƙe duk ƙasar da suka ci. Fim ɗin ya ƙaryata maganar haukan sosai, ya nuna tsari ne, amma ya tsaya daidai inda tsarin ya ci gaba ba tare da su ba.

To ya cancanta?

Ya cancanta, a ganina, kuma ba kishin ƙasa ne ya ba shi babbar kyautar FESPACO ta 1987 ba, don bikin finafinan Afirka ne da ake yi a Wagadugu, ba a Nijar ba. Ki tuna lokacin da aka yi shi. Finafinan Afirka na wancan zamani yawancinsu ƙanana ne, gida ɗaya, ƙauye ɗaya, 'yan wasa kaɗan, saboda kuɗi. Wannan ya fito da dawaki da ɗaruruwan mutane da faffaɗan allo, ya ɗauki laifin da Faransa ta fi son a manta ya ajiye a tsakiyar kasuwa, ga shi kuma a Faransar bai samu gidajen silima da yawa ba, bai daɗe ba aka sauke shi. Wasan wasu Turawan ya yi yawa, suna zare ido da ihu har su koma kamar zane. Jawaban ƙarshe sun yi kama da na dandalin siyasa. Tafiyarsa a hankali take, awa biyu cur, ga wanda ya saba da finafinan da ake yanka hoto kowane daƙiƙa biyu. Duk na yarda. Cewar Baba babu kamarsa a Afirka, wannan magana ce ta ƙauna, ni ba zan rantse a kanta ba, don ɗanɗano ba a yi masa shari'a. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, cikin finafinan da na haska wa yara a kan zuwan Turawa, babu wanda ke haddasa gardama mai amfani bayan an kunna fitila kamar wannan.

Ga abin da zan ba ki shawara. Ki nemi kwafi mai kyau, ki sa a talabijin mafi girma da za ki samu, da dare, ki ajiye wayar a ɗaki. Ki roƙi Baba ya zauna ku kalla tare, ba sai kin ce masa bai burge ki ba, ki ce kina so ya nuna miki wuraren da ya fi so. A wannan karon ki bar Sarauniya, ki zaɓi soja ɗaya cikin masu jar hula ki bi fuskarsa daga farko har ƙarshe. In an gama, ki tambayi Baba abin da nasa kakannin suka ce game da ranar Tirmini, da inda suka gudu, da wanda bai dawo ba. Ki riƙe biro da takarda kusa, don tsofaffin Birni da Zango da suka ji wannan daga bakin waɗanda suka gani sun kusa ƙarewa.